Wayar da Ta Bi Ta Ƙofar Injiniya

Wata baiwar Allah ta rubuto a ƙarƙashin kashin labarina da ya wuce: "Baba, da shekarunka???" Ta ɗora fuskar nan mai dariya har da hawaye. Na gani, 'yata, na kuma gode. Tambayar da gwiwata take yi mini ke nan duk lokacin da na taka tsani, ita ma har yau ban ba ta amsa ba.

Wanda yau ya shigo, matso in ja ka kusa. Ni mai shimfiɗa waya ne, amma ba wayar wuta ba. Akwai wani ɗan ƙarfe, bai fi babban yatsa ba, da ake ɗaurawa a jikin inji daidai saitin boris, wato ƙwallayen ƙarfen da sandar inji ke juyawa a kansu. Aikinsa sauraro. Duk girgizar da injin ya yi sai ya ji, ya aika ta cikin waya zuwa kwamfutar da ke ɗakin kula da injuna, don a gane boris ya fara ciwo tun kafin ya kwanta. Mu kunne muke ce masa. Ɗaura kunne ba wuya, kowa ma ya ɗaura. Wuyar tana ga wayar: ta ina za ta bi, me za ta raɓa, yaya tsawonta. A nan nake cin abinci, a nan kuma na jawo wa kaina abin da zan ba ku labari.

Matata ta rasu 'yarmu tana firamare. Yanzu Mamana, haka nake kiranta, tana jami'a, ta fi ni tsawo, ta fi ni baki. Sai Yaya, wadda ta goya ni, har gobe kuma Auta take ce mini, da furfurata da tumbina. Sai Injiniya, shugabar sashen gyara a masana'antar kwalin da na samu kwangila. Ita ce za ta duba aikina ta sa hannu. Ita ce kuma dalilin da ya sa mutum mai cikakken hankali irina ya fara fesa turare alhali cikin giris zai wuni.

Ranar da za mu zaga hanyar wayar ni da ita, na tashi ban san inda zan sa kaina ba. Na goge rigar aiki. Rigar aiki fa, jama'a, shuɗiyar nan mai tabon mai a aljihu, wadda tun da aka ɗinka ta ba ta taɓa gaisawa da dutsen guga ba. Na sa, na cire, na gwada mai ruwan toka, na ga maɓallan saitin tumbi suna neman ceto, na koma shuɗiyar. Na zauna, na miƙe. Na warware zanen aikin a kan teburin cin abinci, na danne gefensa da gwangwanin madara, na kalle shi kamar wani ne ya zana, na sake naɗewa.

Mamana tana kwance a doguwar kujera, hular barci a ka, waya a hannu, ido ɗaya a kan wayar ɗaya a kaina.

"Abba, injunan ne suka kai ƙara?"

"Ƙarar me?"

"Na ga kwana biyu ana yi musu ƙamshi."

"Tashi ki wanke kofunan nan."

"Na wanke. Na hannunka ne ya rage, kuma tun ɗazu kake juya shi ba ka sa sukari ba."

Ina neman abin da zan ce mata sai wayata ta yi ƙara. Yaya ce. Yaya ba ta rubutu, saƙon murya take turowa, ta fara da gaisuwa ta ƙare da hukunci. Da na san abin da ke ciki da ban buɗe a falo ba.

"Auta, ka tashi lafiya? Ya ɗiyata? To madalla. Maganar aurenka da ƙanwar ƙawata ce, malamar nan. Ni na gaji da 'bari in yi tunani'. Tun ɗiyar tawa tana ɗaukar kwandon abinci zuwa makaranta kake tunani, ko gwamnati ce ai ta yanke shawara. Ranar Asabar zan je gidansu in yi magana da bakina. In kana da wata, ka faɗi sunanta kafin nan. In ba ka da ita, ka yi shiru ka je ka yi aski. Kuma ka rage cin burodi."

Malamar ba ta da laifi ko kaɗan. Sau ɗaya na gan ta a gidan Yaya, ta kawo mini ruwa, ta yi mini ya aiki, na ce lafiya, muka zauna muna kallon labule tare. Mutumiyar kirki ce. Amma ku da ba ku san Yaya ba, in ta fita da bakinta ba ta dawowa haka nan. Ta yi magana, an gama, sai dai in ji labari. Ke nan kafin Asabar ina bukatar suna. Ni kuwa duk tsawon zamana a masana'antar nan, tsakanina da Injiniya daga "ina kwana" sai kaurin waya.

Mamana ta tashi zaune. "Abba, kana da wata?"

"Ina da aiki."

"Aikin yana da suna?"

Na ɗauki zanena na fita da ƙarfin hali. Na kai bakin ƙofa na tuna hular kwano. Na dawo, na tarar da ita a tsaye tana riƙe da hular. Ta miƙo mini da wani ɗan murmushi wanda ya fi magana ciwo.

To, bari in faɗa muku abin da ke cikin zanen, tunda dai na saba tona kaina a gabanku.

Manyan fankoki biyu ne a can ƙarshen masana'antar, su ke zuƙe zafi daga ɗakin busar da kwali. Bara boris ɗin ɗayansu ya watse ba sallama, aiki ya tsaya cak, manya suka taru a kan Injiniya kamar ita ta tauna shi. Shi ya sa ta dage sai an sa kunnuwa. Daga fankokin zuwa ɗakin kula, hanya biyu ce. Akwai ramin waya a ƙarƙashin ƙasa, rufe da murafen siminti, miƙaƙƙe kamar an ja shi da igiya. Akwai kuma ta sama: a hau bango, a zaga bayan sito, a karya kwana, a ratsa doguwar barandar ofisoshi, sannan a sauko. Ta saman ta ninka ramin kusan sau uku. Kuma ta bi daidai saman ƙofar ofishin Injiniya.

Kun riga kun san wadda na zana.

Har hujja na ba kaina. Abin da ke tafiya cikin wayar kunne murya ce 'yar siririya. In ta jera kafaɗa da kafaɗa da manyan wayoyin wutar inji, hayaniyarsu takan tsallako cikinta, kwamfuta ta dinga nuna ciwon da babu shi. Ramin kuwa akwai wayoyin wuta a ciki. Wannan gaskiya ce, kowane mai sana'a zai shaida. Sai dai rabin gaskiyar ke nan. Ɗaya rabin shi ne, in na bi rami, ɗan lokaci kaɗan na gama na tattara komatsaina. In na bi sama kuwa, makonni zan yi a kan tsani a barandar nan, ina huda bango, ina "Sannu da fitowa, Injiniya," "Sannu da dawowa, Injiniya," har Allah ya kawo ranar da bakina zai ƙara wani abu a kai.

Akwai kuma abin da na ƙi kallo gaba ɗaya. Doguwar waya tana shanye murya. Ƙara mai kauri tana isa lafiya, amma siririn nan, ɗan kukan da boris yake fara yi tun ciwon yana jariri, shi ne yake fara ɓacewa a hanya. Kuma saboda shi aka kira ni.

Na same ta a bakin ofishinta tana ɗaure igiyar takalmin aiki. Farar hular kwano a kan mayafi mai ruwan ƙasa da ta cusa jelarsa cikin wuyan riga kada inji ya kama. Tocila a aljihu ɗaya, biro a ɗayan, tabarau rataye a ƙirji. Babu hoda, babu jan baki, sai wani ɗan tabo a haɓa da na rasa dalilin da ya sa nake son sanin tarihinsa. Ta haura arba'in, ba ta kuma ɓoyewa. Yara biyu, aure ya daɗe da mutuwa. Wannan a bakin mai sito na tsinta ba tare da na tambaya ba, wato na tambaya ne a kaikaice har sai da ya gaji ya faɗa.

"Malam Mai Waya, an shirya?"

"An shirya, ranki ya daɗe."

"Ajiye 'ranki ya daɗe' ɗin nan, ba sarauta gare ni ba. Mu je, daga fanka za mu faro."

A wurin fankokin sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji. Ƙasa kanta rawa take yi a ƙarƙashin takalmi. Ta ɗora tafin hannunta a kan gidan boris ɗin fanka ta biyu, ta lumshe ido, ta daɗe. Sannan ta yi mini nuni da kai. Na zaro sukudireba, na dasa bakinsa a kan ƙarfen, na kara kunnena a mariƙin, irin yadda aka koya mana tun kafin kwamfuta ta zo. Can ƙasa, a ƙarƙashin rurin, akwai wani ɗan tsaki-tsaki, kamar yashi a cikin haƙori.

"Ka ji?" ta faɗa da ƙarfi.

"Kaɗan!"

"Ɗan'uwan na bara ne! Rana ɗaya aka sa su! Ban yarda da shi ba!"

Muka zaɓi inda kunnuwan za su zauna, wuri mai shimfiɗaɗɗiyar fuska da za a kankare fentinsa. Na nuna mata inda zan ɗaure wayar kusa da kunnen don kada ta dinga lilo tana ƙirƙiro girgizar ƙarya. Ta gyaɗa kai. Na ji kamar an ba ni lambar yabo. Ina ma a nan aka tashi.

Muka kama hanyar sama, ita a gaba da zanen a buɗe, ni a baya ina share gumin da ba na zafi ba.

"Nan ai bututun tururi ne. Wayar za ta jure?"

"Zan ba ta tazara."

Ta rubuta wani abu a gefen zanen. Bayan sito ta tsaya ta bar motar ɗaga kaya mai ƙahonnin ƙarfe ta wuce, ta bi ƙahonninta da kallo har sama, daidai inda wayata za ta ratsa. Ta sake rubutawa. Duk lokacin da biron nan ya taɓa takarda sai in ji shi a hanjina.

"Dunƙule ɗaya zai kai, ko sai ka yi haɗi?"

"Sai an yi haɗi ɗaya." Ta ɗago. "Biyu."

"Ba kai ka ce mini ranar farko duk haɗi ƙofar matsala ce ba?"

Ni na ce. Na ma faɗa da ɗaga yatsa, don ta san ba ƙaramin ma'aikaci ta samu ba. Ku samarin da ke karanta wannan, ku rage burga, ana ajiye muku ita.

Wayata ta girgiza a aljihu. Na leƙa a sace. Mamana ce.

"Abba Gwaggo ta kira ni. Wai in fara kwashe tarkacenka daga ɗakin baya, na amarya ne."

Kafin in mayar, wani ya shigo.

"Wai har da akwatunan wayoyinka 😭 Abba ka ce wani abu mana."

Na tura wayar aljihu, na yi tuntuɓe da bakin baranda.

A ƙofar ofishinta ta tsaya. Ta kalli zanen, ta kalli saman ƙofar, ta sa tabarau ta sake kallon zanen.

"Nan ma?"

"Nan ma."

"Har da akwatin haɗi. A saman ƙofata."

"Wuri ne mai inuwa. Ba ruwa, ba zafi. Kuma in ana son dubawa, ga shi kusa."

"Wa zai dinga dubawa?"

"Ni. Wato, duk wanda... ni."

"Ikon Allah," ta ce, a hankali. Ta cire tabaran. "Malam, in wayar ta yi wannan tsawon, abin da muka ji ɗazu zai iso kwamfuta?"

"Ana iya ƙara wa kunnen ɗan ƙarfin wuta daga akwatin karɓa, sai ya turo da kyau."

"Akwatin da muka saya ba a ƙara masa komai. Kai ka zaɓa mana shi."

Na kafe zanen da ido. Can cikin ofis na ji agogon bango yana aikinsa, shi kaɗai ne mai gaskiya a wurin.

"Mu je ramin," ta ce.

Ta sa aka ɗaga murafe biyu. Ta kunna tocila ta bi matakalar ƙarfen ta sauka kamar mai shiga ɗakinta. Na bi bayanta, gwiwata ta yi ƙara har sai da ta waiwayo. Ramin faɗin mutum ɗaya ne da rabi, ni kuwa ni kaɗai mutum ɗaya da rabi ne. Warin danshi, yanar gizo, rurin fankokin yana biyo bango. Ta haska hagu: wayoyin wuta, baƙaƙe, kowace kaurin damtse, kwance a kan tiren ƙarfen da aka kafa musu a bango. Ta haska dama: wani tiren, fanko, ba komai a kai sai ƙura, ya miƙe har inda hasken ya ƙare. Tsakaninsu tazara wadatacciya.

Muka taka a sunkuye. Wuri ɗaya ne tak wayoyin wutar suka tsallako dama kafin su shige bango. Wuri ɗaya. Ko ɗan koyo ya san maganinsa: ka sa wayarka cikin bututun ƙarfe, ka gicciye su a miƙe, kada ka jera da su, shi ke nan.

Sai hasken ya tsaya a bango.

Ina da wata ɗabi'a tun ina saurayi. Duk inda na auna sai na bar alama da alli: kibiya mai nuna inda waya za ta bi, in kuma hanyar ta yi mini, in ja layi biyu a ƙarƙashinta. Hannuna ne yake yi, ba ya shawara da ni. A makon farko na shigo ramin nan ni kaɗai, kafin shaiɗan ya nuna mini baranda. Ga kibiyata nan fara tas, ta nufi ɗakin kula. Ga layi biyu. Har da ɗan zanen gicciye a daidai inda za a tsallaka.

"Allin wa?"

Na duba ko akwai wani a ramin da zan ɗora wa. Babu.

"Nawa ne."

Ta sauke tocilar, hasken ya koma kan takalmanmu. Muryarta ba ta tashi ba, da ma ta tashi.

"Malam, na daɗe ina aiki da 'yan kwangila. Na san mai ƙara tsawon waya don wani abu ya shiga aljihunsa. In shi ne, ka faɗa mini a nan, ba kowa, mu rabu lafiya in nemi wani. Ba zan kai ka gaba ba."

Jama'a, kun taɓa tsayawa inda zaɓi biyu ne kawai, ko ka zama ɓarawo ko ka zama wawa? Wallahi sai da na yi tunani. Ɓarawo aƙalla ana ganinsa da wayo.

"Ba aljihu ba ne."

"To mene ne?"

"Ƙofar ce."

"Wace ƙofa?"

"Taki."

Shekara da shekaru ban yi wa mace magana irin wannan ba, da na tashi yi kuma sai a cikin rami, a sunkuye, da yanar gizo a gemu. Na ci gaba, tunda na riga na zube. Na ce in na bi ta nan zan gama da wuri, in na gama kuma ba ni da dalilin dawowa. Na ce ban iya magana ba, waya kawai na iya, shi ya sa na aiki waya ta je ta tsaya mini a ƙofarta.

Na ɗauka za ta yi dariya. Na ma shirya in taya ta.

"Ka san abin da aka yi mini bara?" ta ce. "A gaban kowa, a ɗakin taro, wani ya ce da namiji ne a kujerar nan da ya ji boris ɗin tun da wuri. Na haɗiye. Na yi ta bin ofis-ofis kafin a yarda a sa kunnuwan nan. Na kira ka don kada a sake faɗa mini haka. Kai kuma za ka toshe mini kunne don ka samu wurin gaishe ni."

"Na yi kuskure."

"Kuskure shi ne ka auna ba daidai ba. Kai ka auna daidai, ga allinka. Sannan ka je ka zana wani abu daban."

Gaskiyarta ce. Duk cikin makonnin da nake ta saƙa da warwara, sau nawa na tuna da fuskarta, ban taɓa tsayawa na tuna da kujerarta ba. Na ji kunya irin wadda rabona da ita tun ina ɗan makaranta.

Ta miƙo mini zanen, ya naɗe da kansa a hannuna.

"Za ka sake. Ta nan. Ka bi tiren dama, ka tsallaka a miƙe cikin bututu. Dunƙule ɗaya, ba haɗi. Rigar ƙarfen da ta lulluɓe wayar, ka haɗa ta da ƙasa ta gefen akwatin karɓa kawai, kada ka kama ta gefe biyu ka jawo mini wata hayaniyar."

"To."

"Yaushe za ka gama?"

"Sai ƙarshen makon gobe, in waya ta iso da wuri."

Ta juya ta nufi matakala. Na tsaya da zanena ina jiran ta fita in samu wurin zama in ji tausayin kaina. Ta taka ƙarfe biyu ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Kuma ka sani. Muddin hannuna ne zai hau kan aikinka, ko ruwa ba zan karɓa daga hannunka ba, balle magana. Ba zan bari a ce na sa hannu saboda wani abu ba. Duk kwanan da ka ƙara wa aikin nan, kanka ka ƙara wa."

Sai da maganar ta zaga kaina ta dawo kafin na gane ta. Gabana ya faɗi, amma ba irin faɗuwar ɗazu ba.

"In na gama fa?"

"In kwamfuta ta ji abin da hannuna ya ji, na sa hannu, ka zama ba kowa ba a masana'antar nan."

"Sannan?"

"Wanda ba kowa ba ai yana iya yin sallama a ƙofar gidan mutane. A amsa ko kada a amsa, wannan kuma daban." Ta ƙara taka ɗaya. "Kafin nan kada in ji sunana a bakin kowa. Ko a gidanku. In ya fito, na fasa, in kuma nemi wani mai wayar."

Ta fita. Na ga takalmanta sun wuce ta bakin ramin, ba sauri ba nawa.

Na hau na zauna a bakin ramin, ƙafafuna a ciki. Ni da na yi niyyar jan aiki makonni, yanzu ji nake kamar in kama wayar da haƙori in ruga da ita. Amma ko zan kwana a ramin, Asabar za ta riga ni. Yaya suna take so, sunan kuma an kulle shi. A can ga malama, mai kirki, tabbatacciya, da ruwanta a faranti. A nan kuwa ba a yi mini alkawarin komai ba sai izinin sallama.

Tun da na yi wayo ban taɓa ce wa Yaya a'a ba. Makarantar da na yi ita ta zaɓa, gidan da nake haya ita ta gani ta ce ya yi. Na ciro waya, na mayar. Na sake cirowa, na goge fuskarta da rigar da na sha wahalar gogewa. Na danna.

"Auta, ka ji saƙona?"

"Na ji, Yaya. Kada ki je."

"Me ka ce? Ƙarar inji ta cika mini kunne."

"Kin ji ni, Yaya. Don Allah kada ki je ranar Asabar."

 Na ji ta rage rediyo.

"Sunanta."

"Ba zan iya faɗa ba."

"Matar aure ce?"

"Subhanallahi, Yaya!"

"To ai gara in tambaya, tsufa yana zuwa wa kowa da irin nasa. Yarinya ce sa'ar ɗiyata?"

"Babba ce."

"Ta amince?"

"Ba ta amince ba."

"Ta ƙi?"

"Ba ta ƙi ba."

"To me ta ce, Auta? Kana ja mini rai kamar likita."

"Ta ce in gyara waya tukuna."

Na duba wayar ko layin ya yanke.

"Wato in bar mace mai hankali da natsuwa, wadda na san uwarta na san ubanta, saboda wata da ta ce ka gyara waya."

"E, Yaya."

"E?"

"E."

Na ji ta ja numfashi. Da ta sake magana muryar ta sauko, irin wadda take yi mini in ba ni da lafiya.

"Tun ranar da aka rufe uwar yarinyar nan ban ji ka so wani abu ba, balle har ka yi mini musu. To. Na fasa Asabar. Ƙawata ni na san yadda zan yi da ita."

"Na gode, Yaya. Allah ya bar mana ke."

"Amin. Gobe kada ka tafi da abinci."

"Me ya sa?"

"Ni zan kawo maka da kaina, har wurin aikin. Ba ka faɗi suna ba, ban kuma tambaye ka ba. Amma mata nawa ne ke ba ka umarni a kan waya a kamfanin kwali?"

Ƙit, ta kashe.

Na zauna da wayar a kunne ina lissafi, ƙafafuna suna lilo a cikin rami. Lissafin bai ɗauke ni lokaci ba. Ɗaya ce.